Babi na Huɗu: Malami Ya Koma Ɗalibi

Shin mutumin da ya haura shekara arba'in, wanda bai fara taɓa kwamfuta ba sai da furfura ta fito masa, zai iya koyon tsara darussan da ake ɗorawa a intanet? Ko kuwa wannan sana'ar yaran da suka tashi da waya a hannu ce?

Tambayar ta yawaita ne tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya baki ɗaya. Malamai suka wayi gari ba aji, ba allo, ba ɗalibi a gabansu. Jihohi da dama suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin, makarantun kuɗi suka buɗe zaurukan WhatsApp, jami'o'i masu zaman kansu suka rungumi Zoom. A lokacin ne malamai da yawa, masu shekara ashirin da ɗoriya a bakin aiki, suka gane cewa akwai wani ɓangare na sana'arsu da ba a koya musu ba a kwalejin horon malamai. Annoba ta wuce, amma buƙatar tana nan. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa. Darussan nan mutane ne suke tsara su, kuma ana neman waɗanda suka iya.

Amsata ita ce zai iya. Sai dai wahalar ba a inda yake tsammani take ba. Tsoron na'ura yake shigowa da shi, na'urar kuwa takan yi laushi cikin 'yan makonni. Abin da ke jiransa a gaba ya fi ta nauyi, kuma shi ne maganar wannan babi.

Me ake koya ma tukuna?

Mutane da yawa suna jin an ce fasahar koyarwa sai su ɗauka gyaran kwamfuta ne ko rubuta manhaja. Kwas na wannan fanni ba wannan yake koyarwa ba. Abin da ake koya shi ne yadda za a shirya darasi ta yadda ɗalibi zai fahimta, ya gwada, ya gane kuskurensa, alhali malamin ba ya wurin. Na'ura hanya ce ta isar da darasin, kuma tana iya zama kwamfuta, ko waya, ko rediyo, ko takarda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, an kafa ta a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, kuma da littattafan karatu daga nesa ta horar da ɗimbin malamai suna bakin aikinsu. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, ta dawo aiki a 2002. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin NTI ya ga yadda ake faɗin manufar darasi tun a farko, a yanka bayani gunduwa-gunduwa, a sa tambayoyin gwada kai a tsakiya, to ya riga ya ga wannan sana'a a kan takarda.

Makonnin farko

Bari mu ɗauki misalin malami irin wanda ake samu a kowace sakandare: yana koyar da lissafi, ya kusa hamsin, shi ne shugaban sashe, ƙananan malamai suna rusuna masa. Ya yi rajistar kwas na 'yan watanni, rabi a aji, rabi a intanet.

Ranar farko mai koyarwar ya shigo, matashi ne da bai fi sa'an babban ɗansa ba. Ya ce kowa ya buɗe shafi, ya shiga da sunansa, ya sauke fayil ɗin da aka ajiye. Kafin malamin namu ya gama laluben harafin farko na kalmar sirrinsa, ta kusa da shi ta riga ta sauke fayil ɗin tana karantawa. Sai matashin ya zagayo, ya sunkuya cikin ladabi ya ce, "Baba, sau biyu za ka danna, da ɗan sauri." Babu raini a maganar, amma ta yi masa zafi. Mutumin da ya saba shi ake tambaya, yau shi ne na ƙarshe a aji.

Wannan kunya ita ce cikas ta farko, kuma tana korar manyan ɗalibai fiye da yadda wahalar darasi ke korarsu. Ba kowa yake faɗi ba. Sai dai ka ji ana cewa aiki ya yi yawa, ko ido ba ya jure hasken kwamfuta, daga nan a daina zuwa. Mutane sukan ƙarfafa masa gwiwa da cewa gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne kuwa, amma ya fi amfana idan aka bayyana masa dalilin jinkirinsa. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda na sabon abu kaɗan ne. Matashiyar da ke gefensa ba ta tunanin inda harafi yake, yatsunta sun sani, don haka hankalinta duka yana kan darasin. Shi kuwa rabin hankalinsa yana neman madanni, rubu'i yana tsoron kada ya ɓata wani abu, ɗan abin da ya rage ne ke sauraron mai koyarwa. Da zarar yatsun sun saba, gurbin ya buɗe.

Saboda haka nake ganin kuskure ne babba masu shirya irin wannan kwas su haɗa komai a mako ɗaya. Babba yana buƙatar a ware masa lokaci tun farko don ƙananan abubuwan da ake ganin ba sai an koya ba: yadda ake raɗa wa fayil suna a kuma san inda aka ajiye shi, yadda ake adana kalmar sirri, yadda ake dawo da abin da aka goge bisa kuskure, yadda ake samo ƙ da ɗ da ɓ a waya, tunda manhajar rubutu irin ta Gboard tana da Hausa. Ranar da ya gane cewa kusan duk abin da ya danna ana iya mayar da shi yadda yake, ranar hannunsa yake daina rawa. Da yawa a gida suke samun wannan, wurin 'ya'yansu, da dare bayan an yi isha'i. "Abba, ba ka ɓata komai ba, ga shi nan a ƙasa." Yarinya 'yar aji uku tana koya wa mahaifinta, kuma babu aibu a cikin haka.

Abin da babba ya shigo da shi

Wani masani Ba'amurke, Malcolm Knowles, ya fitar da littafi kan ilimin manya a 1970, ya shafe shekaru yana jan hankali kan cewa koyon babba daban yake da na yaro. Babba yana so ya san dalilin koyon abu kafin ya sa kansa. Yana zuwa da gogewa mai yawa wadda yake auna sabon ilimi da ita. Yana so a bar shi ya ja ragamar karatunsa, kuma ya fi kama abin da zai magance masa matsalar da ke gabansa a yau.

Ana iya jayayya da Knowles, domin yara ma suna son sanin dalili. Amma maganar gogewa gaskiya ce tsantsa, kuma a wannan fanni ita ce jari. Malamin namu ya san ainihin wurin da ɗalibai ke tuntuɓe a lissafin kashi cikin ɗari. Ya san wanda ya gyaɗa kai bai gane ba, ya san misalin da ke sa aji ya farka da wanda ke sa shi hamma. Matashin da ya iya haɗa bidiyo mai walƙiya bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma babu manhajar da za ta ba shi. Wajen mako na huɗu ko na biyar, lokacin da aka bar maganar madannai aka shiga maganar darasi, sai ka ga kujeru sun juya, matasan ajin suna tambayar Baba.

Ɗalibin da ba ka gani

A nan ne kuma ainihin wahalar take ɓullowa, daga cikin gogewar kanta.

Aikin farko da aka ba su shi ne kowa ya shirya darasi ɗaya ya ɗora a dandali. Malamin ya yi abin da ya iya. Ya jingina waya a kan tebur, ya tsaya gaban allo, ya koyar da darasi na minti arba'in kamar yadda ya saba, darasi mai kyau kuwa. Ya haɗa da shafuka goma sha biyu na bayanin da ya buga. Bayan mako guda dandalin ya nuna masa abin da aji bai taɓa nuna masa ƙarara ba: mutum nawa suka buɗe bidiyon, kuma a minti na nawa suka rufe. Mafi yawansu ba su kai rubu'i ba.

A aji, malami yana gyara darasinsa a kowane minti ba tare da ya lura ba. Ya ga an yamutsa fuska, ya maimaita. Ya ga na baya yana gyangyaɗi, ya jefa masa tambaya. Ya ji shiru ya yi yawa, ya kawo labari. Ɗalibi kuma ba shi da damar tashi ya fita. A intanet duk wannan babu. Ɗalibin yana zaune shi kaɗai, ƙila a shagon mahaifinsa, ƙila ɗaliba ce tana goye da ƙanenta, saƙonni suna shigowa ta saman wayar, fita daga darasin kuma danni ɗaya ne. Duk gyaran da malami yake yi da ido a cikin aji, dole mai tsara darasi ya hango shi tun kafin ɗalibin ya zo, ya gina shi a cikin darasin. Koyon wannan hange shi ne sana'ar. Kuma yana yi wa ƙwararren malami ciwo, domin yana nufin ya rage magana, alhali da magana ya yi suna.

Awo kafin yanka

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya gwada mai kaya, ya tambayi inda za a je da rigar, ya zana. Daga nan ya yanka, ya ɗinka, sannan ya kira mai ita ya sa a ga inda ta matse. Haka tsarin da aka fi koyarwa a waɗannan kwasa-kwasai yake, wanda ake kira ADDIE. An samar da asalinsa a Jami'ar Jihar Florida a 1975 domin horar da sojojin Amurka. Ka fara da bincike kan su wane ne ɗaliban da abin da suka rasa, ka zana darasin a takarda, ka haɗa kayansa, ka kai shi ga ɗalibai, ka auna abin da ya haifar, ka dawo ka gyara.

Sabon shiga yakan yi tsalle zuwa mataki na uku, domin nan ne ake taɓa kwamfuta, nan ne ake ganin launi da motsi. Malamin kwas nagari ba zai bari ba. Zai ce a rufe kwamfuta, a ɗauki biro, a rubuta jimla ɗaya: bayan wannan darasi, me ɗalibi zai iya aikatawa wanda bai iya ba a da?

Jimlar nan tana ba manyan malamai wuya fiye da yadda suke zato. Malamin namu ya rubuta cewa ɗalibi zai fahimci kashi cikin ɗari. Aka mayar masa. Ta yaya za ka san ya fahimta, tunda ba ka ganin cikin kansa? Robert Mager ya yi ɗan littafi a kan wannan a 1962, inda ya nace cewa manufar darasi ta ambaci aikin da za a gani ɗalibi ya yi, da yanayin da zai yi shi, da mizanin da za a auna shi. Sai malamin ya sake rubutawa: idan aka ba ɗalibi kuɗin sari da kuɗin sayarwa, zai fitar da riba a kashi cikin ɗari, ya ci huɗu daga cikin tambayoyi biyar. Da jimlar ta fito haka, sai ya ga da kansa cewa fiye da rabin abin da ya faɗa a bidiyon farko ba shi da alaƙa da ita. Tarihin alamar kashi, da nasihar da ya yi a kan zuwa makaranta da wuri, da misalai uku masu kama da juna, duk suka fita.

Minti shida

Akwai bincike da ake yawan ambata wa ɗaliban wannan fanni. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a dandalin edX, suka gano cewa komai tsawon bidiyo, yawanci ba a wuce kimanin minti shida ana kallo. Sun kuma ga cewa bidiyon da malami yake rubutu da hannu yana bayani ya fi riƙe mutane a kan shafukan PowerPoint da ake karantawa. Ɗaliban da aka yi binciken a kansu masu karatun matakin jami'a ne, da yawansu da intanet mai ƙarfi. Yaron da ke ƙirga datarsa ba zai fi su haƙuri ba.

Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya tattara gwaje-gwajensa a littafin da ya fitar a 2001 kan koyo ta hoto da murya. Sakamakonsa ya saɓa wa abin da sabon shiga yake sha'awa. Kiɗan bayan fage da hotunan ado suna rage fahimta. Idan ana nuna zane ana bayani da murya, rubuta bayanin kalma da kalma a kan fuskar bidiyon yana raba hankalin ɗalibi biyu. Magana cikin sauƙi, kamar ana hira da mutum ɗaya, ta fi lacca shiga. Dalilin biyun farko ɗaya ne, shi ne wanda John Sweller na Ostareliya ya yi bayaninsa a 1988: ƙwaƙwalwa tana da iyakar abin da take ɗauka a lokaci guda, duk abin da ka ɗora mata wanda ba darasi ba ne ya cinye gurbin darasi.

A nan babban ɗalibi yana da fifikon da bai sani ba. Nauyin da ya ji a makon farko, lokacin da neman madanni ya hana shi jin mai koyarwa, shi ne ainihin abin da Sweller yake magana a kai. Ya ɗanɗana shi kwanan nan, don haka yana tausayin ɗalibinsa fiye da matashin da ya manta ranar da bai iya ba.

Darasi ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Ga yadda darasin malamin namu ya koma bayan gyara.

Ya buɗe da tambaya a rubuce, layi biyu: mai shago ya saro katan ɗin sabulu a naira 20,000, ya sayar da shi duka a naira 23,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Ba a ba da amsa ba tukuna. An nemi ɗalibi ya yi hasashe, domin wanda ya riga ya gwada ya fi sauraron bayani.

Daga nan bidiyo na minti huɗu. Ba a ganin fuskar malamin, hannunsa kawai da farar takarda, wayar tana ɗaure a sama. Ya cire 20,000 daga 23,000 ya sami 3,000. Ya raba 3,000 da 20,000, ya ninka da 100, ya sami 15. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin 20,000, ya ce, "Da kuɗin sari ake rabawa, domin shi ne ka fitar daga aljihunka."

Sai tambayoyin gwaji, kuma a nan shekarunsa na aji suka yi aiki. Sabon shiga yakan cika zaɓin amsa da lambobin da ya ga dama. Shi kuwa kowace amsa mara daidai ya ɗauko ta daga kuskuren da ya sha gani a takardun jarrabawa. Wanda ya zaɓi 13, ya san da kuɗin sayarwa ya raba, sai saƙo ya fito masa: "Ka samo ribar daidai. Duba abin da ka raba da shi, na sari ne ko na sayarwa?" Wanda ya zaɓi 3, ya san dubu ukun ya gani ya tsaya, sai a ce masa: "Naira 3,000 ita ce ribar a kuɗi. Saura mataki ɗaya." Wannan shi ne maye gurbin idon malami da na ambata. Ɗalibin yana shi kaɗai, amma an yi masa magana a kan kuskurensa shi, ba a ce masa "ka faɗi" kawai ba.

Bayan kwana uku, tambaya ɗaya ta sake zuwa a zauren WhatsApp, wannan karon a kan asara. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma gwajin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi zaunar da shi a ka. Tambayar kwana uku ba ta cin komai sai saƙo ɗaya.

Kafin ya saki darasin, ya ba yara uku su gwada a gabansa, da sharaɗin ba zai ce uffan ba. Wannan zama yana da wuya ga malami, bakinsa yana ƙaiƙayi. Amma a nan ya ga cewa rubutunsa ya yi ƙanana a fuskar waya, kuma ɗaya daga cikin yaran bai san cewa ana danna amsa ba, yana jiran wurin rubutawa.

Wuta, data, da waya ɗaya a gida

Mafi yawan littattafan fannin an rubuta su a ƙasashen da ɗalibi yake da kwamfutarsa da wutar da ba ta ɗaukewa. Babban ɗalibi a Gusau ko Maraɗi dole ya tace abin da yake karantawa. A gidaje da yawa waya babba ɗaya ce, a hannun uba ko yaya take, sai dare take dawowa. Bidiyo yana cin data ninkin abin da saƙon murya ke ci sau da yawa. Saboda haka mai tsara darasi a nan yana tambayar kansa a kowane mataki: wannan sai da bidiyo? Hoton takarda ɗaya da saƙon murya na minti biyu ba za su wadatar ba? Ana iya sauke darasin sau ɗaya a inda akwai sabis, a karanta a inda babu? Akwai manhajoji irin su Kolibri da aka ƙera musamman domin aiki ba tare da intanet ba. Haka kuma ya tuna da ɗalibin da ba ya ji sosai, ya ba shi rubutu, da wanda ba ya gani sosai, ya ba shi murya.

Moodle, dandalin da jami'o'i da yawa a duniya suke ɗora darussansu a kai kyauta, wanda ya ƙirƙiro shi, Martin Dougiamas, ya tashi ne a hamadar yammacin Ostareliya, ya yi karatun farko ta rediyo da malaman da ke ɗaruruwan kilomitoci daga gidansu. Ya saki manhajar a 2002. Na kawo wannan ne domin masu ganin cewa ƙarancin kayan aiki ya fitar da mu daga fagen. Ni a ganina, wanda ya iya tsara darasin da zai yi aiki a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi ya fi ƙwarewa a kan wanda darasinsa sai da sabuwar kwamfuta. Kuma ina takaicin shirye-shiryen da ke raba wa makarantu na'urori a yi hoto, ba a horar da malami ko ɗaya kan abin da zai zuba a ciki ba.

Inda ake sarewa

Babban ɗalibi ba ya karatu a cikin fili. Da safe yana aji, da yamma akwai cefane, da zumunci, da jana'iza, da taron unguwa. Malama kuwa nata ya ninka: girki, da yara, da baƙi, sau da yawa sai kowa ya kwanta take buɗe waya, ido ya riga ya yi nauyi. Kwas na intanet ba shi da ƙararrawa, ba wanda zai zo ya tambaye ka don me ba ka shigo ba, shi ya sa kwasa-kwasan kyauta da ake buɗe wa kowa, masu kammala su kaɗan ne a cikin masu rajista.

Waɗanda suke kaiwa ƙarshe sukan yi abu biyu. Suna tsayar da lokaci ƙarami amma kullum, galibi bayan asuba kafin gida ya tashi, maimakon jiran Asabar da ba ta taɓa zama fanko. Suna kuma samun abokin tafiya, ko da mutum ɗaya ne, wanda za su tura wa aikinsu ya duba. Miji ko mata da suka ɗauke wa ɗalibin wani aikin gida na awa ɗaya sun yi rabin kwas ɗin tare da shi.

Game da satifiket, yana da amfani wurin ƙarin girma. Amma mai neman wanda zai tsara masa darasi, ko makaranta ce ko ƙungiyar horar da ma'aikatan lafiya ko manoma, abin da zai ce shi ne, "Malam, nuna mini wanda ka yi." Darussa uku da aka gwada a kan ɗalibai na gaske, aka gyara, sun fi takarda magana. Don haka kada a jefar da ayyukan kwas bayan an ba da maki.

A babi na gaba za mu haɗa darasi irin wannan tare, da wayar hannu kawai: yadda ake ɗaukar murya a ɗaki mai hayaniya, yadda ake ɗaure waya a saman takarda, da yadda ake rage nauyin bidiyo kafin a tura. Kafin ka juya shafi, zaɓi darasi ɗaya da ka fi sani, ka rubuta a jimla ɗaya abin da ɗalibinka zai iya aikatawa bayan ya gama shi, sannan ka rubuta kurakurai biyu da ka san zai yi. Da su za mu fara aiki.